Ku Tambayi Likita: Tsohon Tari da Haki a Asibitin Ƙauye

Yawancin wasiƙun da suka iso a wannan wata daga 'yan'uwa mazauna Legas suke, waɗanda iyayensu ko ƙannensu ke fama da ciwon ƙirji a gida Arewa, su kuma suna nan suna aika kuɗin magani ba tare da sun san ainihin abin da ake yi wa magani ba. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12. Mahaifiyata tana ƙauyenmu a yankin Aliero ta jihar Kebbi, kuma ta haura shekara 60. Ta daɗe tana tari da kaki, musamman da asuba, yanzu kuma ko zuwa rijiya ta yi sai ta tsaya a hanya tana haki. An gwada kakinta aka ce ba tarin fuka ba ne. Malamin asibitin garinmu ya ce huhunta ne ya toshe saboda hayaƙi, ya rubuta mata inhela, wato maganin nan da ake fesawa a baki a shaƙa, alhali ko hoton ƙirji bai ɗauka ba, ita kuma ba ta taɓa shan taba ba. Yaya aka yi ya gane? Ko in ɗauko ta zuwa Legas ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Bisa abin da ka bayyana, malamin asibitin nan bai yi aikin gaggawa ba, domin hanyar da ya bi ita ce wadda aka tsara wa ma'aikatan lafiya a wuraren da babu manyan na'urori.

Da yawa daga cikin ƙananan asibitocin karkara a ƙasar nan ba su da cikakken likita mai zama kullum. Jami'an lafiyar al'umma ne da ma'aikatan jinya ke riƙe da su, kuma suna aiki ne da rubutattun ƙa'idoji da ke nuna musu abin da za su iya yi da kansu da kuma abin da dole su tura gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani kundin jagora mai suna PEN a shekarar 2010, ta sabunta shi a 2020, domin irin waɗannan asibitoci, kuma a cikinsa akwai yadda ake rarrabe asma da cutar toshewar hanyoyin iska ta dindindin, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Wannan ta biyun ita ake zargin Inna tana da ita.

Babban makamin ma'aikacin ƙauye shi ne tambaya. Zai so ya san shekarar da tarin ya fara, ko da ƙuruciya ne ko bayan an haura 40. Ko yana zuwa ya tafi a samu watanni lafiya lau, ko kuwa kullum yana nan yana ƙaruwa a hankali. Ko tari da kaki ne suka riga hakin zuwa da shekaru. Sannan wane irin hayaƙi ko ƙura mutum ya shaƙa a rayuwarsa. Asma galibi tana farawa da wuri, tana tasowa ta lafa, ta fi tsananta da dare ko da asuba, kuma sau da yawa akan samu wani a dangi mai ita ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin fata. Toshewar dindindin kuwa tana sallama ne a tsakiyar rayuwa, kuma ba ta ba mutum hutu. Labarin da ka bayar na Inna ya fi karkata ga wannan.

Batun cewa ba ta shan taba bai kore zargin ba. A Turai da Amurka sigari ce ke kan gaba wajen haddasa wannan ciwo, amma a ƙasashe irin namu hayaƙin girki yana da kaso mai nauyi. Ka dubi yadda macen karkara ke yin tuwon dare: tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne a gaban murhu, cikin ɗakin girki mai ƙaramar taga ko marar taga sam, itacen bai gama bushewa ba ko kuma kara ne da kashin shanu, tana sunkuyawa tana hura wuta da baki, idanunta suna hawaye, bangon da rufin sun yi baƙi ƙirin. Idan ta fara haka tun tana budurwa, to huhunta ya shafe shekara 40 ko fiye yana karɓar abin da ya baƙanta bangon nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da biliyan 2 ne ke girki da irin wannan makamashi, kuma gurɓacewar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Hayaƙin yana kumbura bututun iska ya ƙuntata su, yana kuma lalata ƙananan jakunkunan huhu har su rasa ƙarfin matsewa, su zama kamar zugazugin maƙeri da fatarsa ta saki, iska ta shiga amma fitar da ita ya zama aiki.

Kafin ma'aikaci ya tsaya a kan wannan zargi, wajibi ne ya kore wasu abubuwa, kuma a nan ake gane mai lura da marar lura. Na farko shi ne tarin fuka. Ƙa'idar ƙasa ita ce duk wanda ya yi tari na mako 2 ko fiye a gwada kakinsa, kuma gwajin da na'urar GeneXpert da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ko asibitin bai da na'urar, akan aika kakin zuwa inda take. An yi wa Inna wannan, alhamdu lillahi. Na biyu shi ne zuciya, domin hawan jinin da aka bari ba magani yakan raunana ta har ruwa ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki ana tsammanin ciwon huhu ne. Shi ya sa zai auna jini, ya danna ƙauri da yatsa ya ga ko ya lotsa, ya tambaya ko tana iya kwanciya rigingine ko sai ta jingina da matasai. Na uku shi ne ƙarancin jini, wanda akan fara gano shi ta duba cikin fatar ido da tafin hannu. Daga nan sai ya saurari ƙirji gaba da baya, ya ƙirga numfashi, idan kuma akwai ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya auna yawan oksijin a jini.

Wasu asibitocin suna da wata ƙaramar na'urar roba da ake hurawa da ƙarfi sau ɗaya, allurarta ta nuna lamba. Akan sa majinyaci ya hura, a ba shi shaƙa biyu na maganin buɗe ƙirji mai suna salbutamol, a jira minti 15 a sake. Idan lambar ta ƙaru da kashi 20 cikin 100, asma ta fi kusa. Idan ba ta motsa sosai ba, sai a ƙara zargin toshewar dindindin.

Hoton ƙirji da kake ƙorafin ba a ɗauka ba, ba shi ne ke tabbatar da wannan ciwo ba. Mutum zai iya zama da toshewa mai tsanani hotonsa ya fito kusan lafiya. Amfanin hoton shi ne nuna tabon tsohon tarin fuka, ko girman zuciya, ko ƙari, saboda haka yana da kyau a ɗauka sau ɗaya idan an samu hali. Abin da ke tabbatarwa shi ne awon numfashi da na'urar sifiromita: mutum ya cika ƙirjinsa da iska, ya kama bakin bututu da leɓɓansa, ya fesar da ita da iyakar ƙarfinsa har ta ƙare. Idan bayan an ba shi maganin buɗe ƙirji iskar da ta fita a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na dukkan wadda ya fitar ba, to toshewa ta tabbata. Wannan na'ura ba kasafai ake samun ta a ƙasa da manyan asibitoci ba.

A ganina ɗauko ta zuwa Legas ba shi ne mataki na farko ba. Tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota wahala ce babba ga mai haki, kuma iskar da za ta tarar a nan ba ta fi ta gida tsabta ba. Wani rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓacewar iska ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum 11,200 a Legas a shekarar 2018, ga hayaƙin janareta da na manyan motoci da kai kanka kake shaƙa a bakin kasuwa. Abin da ya fi shi ne ka nemi malamin asibitin ya rubuta takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi, a bincika tukuna ko ana yin awon a lokacin, a je sau ɗaya a yi shi tare da hoto, sannan a dawo da sakamakon hannun wanda zai ci gaba da ganinta kowane wata.

Ɓarnar da ta riga ta faru a huhu ba ta komawa, amma ana iya rage saurin ƙaruwarta, a kuma sauƙaƙa hakin ƙwarai. Mataki mafi girma ba a kemis yake ba: a ɗauke mata girki, ko a mayar da murhu waje inda iska ke kaɗawa, a daina kunna gawayi a ɗaki lokacin sanyi, a rage turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a koma gidan sauro. Idan za ka iya ɗaukar nauyin tukunyar gas da cika ta, kuɗinka ya fi amfani a nan fiye da a kan ƙarin ruwa da alluran da ake yi wa tsofaffi don a faranta wa dangi. Inhelar salbutamol tana buɗe ƙirji na 'yan sa'o'i. Akwai masu aiki na tsawon yini, irin su tiyotirofiyum da ake shaƙa sau ɗaya a rana, waɗanda suka fi dacewa da mai haki kullum, sai dai suna da tsada kuma sun fi samuwa a birane. Wannan kam abu ne da za ka iya sayowa a Legas ka aika, idan likita ya rubuta. Kada kuma a hana ta motsi don tausayi. Mai haki da ya zauna wuri ɗaya ƙafafunsa sukan raunana, hakin ya ƙaru. Ta riƙa tattaki kaɗan-kaɗan kullum, tana shaƙar iska ta hanci tana fitarwa a hankali ta tsukakken baki.

Ranar da hakin ya zarce na kullum, kakin ya ƙaru ko ya koma ruwan ɗorawa ko kore, a kai ta asibiti a ranar. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara yawan shaƙa, a ba da ƙwayar firednisolon, mai kwantar da kumburin bututun iska, ta kwana 5, a haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan launin kakin ya sauya.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni matar aure ce a Idi-Araba. Babanmu yana ƙauye a jihar Jigawa. Ya sha maganin tarin fuka na wata 6 aka ce ya warke, amma yau shekara biyu ke nan tarin bai rabu da shi ba, yana fitar da kaki mai yawa da safe. Wani mai kemis ya ce a sake saya masa maganin tarin fukan. Mu saya?

Amsa: Hajiya, kada ku saya. Maganin tarin fuka ba a shan sa da ka, domin shan sa ba bisa ƙa'ida ba shi ke haifar da nau'in da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala, ga kuma illar da magungunan kan yi wa hanta.

Abin da ke damun Baba yana iya zama ɗaya daga cikin abubuwa uku. Mai yiwuwa ciwon ne ya dawo, kuma hakan yana faruwa, musamman idan akwai rama, zazzaɓin yamma da gumin dare. Mai yiwuwa kuma ƙwayar cutar ta mutu amma ta bar ɓarna: tabo a huhu, ko bututun iska da suka buɗe suka lalace har kaki ke kwana a cikinsu, shi ya sa mutum ke wayar gari yana amayar da shi. Na uku, a cikin kogon da tarin fuka ya bari a huhu wani nau'in fumfuna yakan yi gida, alamominsa su yi kama da na tarin fuka sak, har a yi ta maimaita wa mutum maganin da ba zai taɓa shi ba.

Ma'aikacin ƙauye mai lura zai fara da mayar da shi cibiyar da ta ba shi magani tun farko, da katinsa a hannu, a sake gwajin kaki. Akwai wani abu da ya kamata ku sani a nan: GeneXpert tana iya nuna alamar ƙwayar cutar ko da matacciya ce, a jikin wanda ya gama magani ba da daɗewa ba, don haka sakamakon yana buƙatar likitan da zai haɗa shi da hoton ƙirji da yanayin majinyaci kafin a yanke hukunci. Idan aka tabbatar ɓarnar baya ce kawai, kulawar ta koma kan fitar da kakin: shan ruwa isasshe, kwanciya a gefen da ke sa kakin gangarowa na wasu mintuna safe da yamma, jan dogon numfashi da fesar da shi da buɗaɗɗen baki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokacin da kakin ya sauya launi ko ya yi wari. Idan awo ya nuna toshewa, akan ƙara da inhela. Amma duk ranar da kuka ji an ce ya yi tarin jini, ko da cokali ɗaya ne, wannan ba na ƙaramin asibiti ba ne, a wuce da shi babba.

Tambaya: Likita, ni mai tsire ne a Agege. Ƙanena ɗan shekara 17 yana gida da asma. An rubuta masa inhela amma tsofaffinmu sun hana, wai wanda ya fara ba ya dainawa, kuma sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake ba shi. Idan ta taso allura ake yi masa a kemis, a ba shi wasu ƙananan fararen ƙwayoyi. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, inhelar ta fi, nesa ba kusa ba. Tsofaffi sun faɗi haka ne don ƙauna, amma maganar ba ta da tushe. Inhela ba ta sa maye kuma jiki ba ya kamuwa da ita. Maganin da ke cikinta yana tafiya kai tsaye inda ciwon yake, shi ya sa ɗan kaɗan ke wadatarwa, yayin da ƙwaya da allura sai sun zaga jiki duka, su sa rawar hannu da bugun zuciya. Waɗannan fararen ƙwayoyin kuwa ina jin tsoron kada su zama firednisolon ko dekzametason. Suna kwantar da asma da sauri, dalilin da ya sa ake son su ke nan, amma shan su wata da watanni yana kumbura fuska, ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya kuma iya tayar da tarin fukan da ke kwance a jiki. Idan ya daɗe yana sha, kada ya daina kwatsam. A kai ƙwayoyin asibiti a nuna, a rage masa a hankali.

Inhela iri biyu ce. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, wato salbutamol, wadda galibi shuɗiya ce. Akwai kuma mai hana ciwon tasowa, irin su beklometason da budesonid, wadda ke kwantar da kumburin bututun iska, kuma ita ce ainihin maganin asma. Tun shekarar 2019 jagorar duniya kan asma ta daina amincewa da a bar babba ko matashi a kan salbutamol kaɗai. Ma'aikacin da zai duba ƙanenka zai tambaye shi sau nawa a mako ciwon ke taso masa da rana, ko yana tashe shi daga barci, ko yana hana shi makaranta ko gona. Wanda ke buƙatar shuɗiyar fiye da sau 2 a mako, ko yake ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara, asmarsa ba ta kwanta ba. Bayan shaƙar mai hanawa a kuskure baki da ruwa a tofar.

Mutane da yawa suna fesa maganin ne a kan harshe su ce bai yi aiki ba. Akwai dabarar da aka gwada a Afirka ta Kudu aka tabbatar tana aiki daidai da mazubin da ake sayarwa don a fesa inhela a cikinsa a shaƙa, kuma ma'aikatan karkara da dama suna koyar da ita. A samu gorar roba ta ruwa mai rabin lita, a wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge ba. A huda gindinta daidai girman bakin inhelar, yadda zai shiga ya matse babu kafar da iska za ta zurare. A girgiza inhelar, a cusa ta a ramin, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau 4 zuwa 6 a cikin gorar, sannan a sake girgizawa a danna na biyu. Na san farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2023, amma idan ka lissafa kuɗin allurai da na mota zuwa asibiti da tsakar dare, za ka ga inda sauƙin yake.

Ka gaya wa mutanen gida alamomin da ba a jira da su: idan ya kasa gama jimla ɗaya ba tare da ya tsaya jan numfashi ba, ko harshensa da cikin leɓɓansa suka sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, ko ƙirjin da ke kuka ya yi tsit alhali yana ta fama. A ci gaba da ba shi shaƙa ta gorar a kan hanyar zuwa asibiti. Kai ma da kake wuni a kan hayaƙin tukuba, idan tari ya zauna maka ka je a duba ka.

Tambaya: Likita, mu 'yan'uwa ne a Alaba Rago, mun haɗa kuɗi za mu saya wa kakanmu tukunyar oksijin mu aika gida kafin hunturu, saboda hazo yana tayar masa da haki. Shawara muke nema.

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, amma ku dakata tukuna. Oksijin magani ne da ake rubutawa bisa awo, kuma ba kowane mai haki ne ke da ƙarancinsa a jini ba. Ana ba da shi a gida ne ga wanda aka auna yana zaune cikin natsuwa, a lokacin da ciwon bai taso ba, aka ga ya yi ƙasa ƙwarai, kuma irin wannan majinyaci yana buƙatarsa aƙalla sa'a 15 a kowace rana kafin ya amfana. Tukunya ɗaya ba za ta daɗe a haka ba, na'urar da ke tace shi daga iska kuma sai da tsayayyar wutar lantarki. Yawansa ma yana da haɗari ga wasu masu toshewar dindindin, domin yana iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jininsu su fita hayyacinsu. Shi ya sa a asibiti akan riƙe awonsu tsakanin kashi 88 da 92. Ga kuma haɗarin gobara a gidan da ake hura wuta.

Ku fara da sayen ɗan abin awon nan na yatsa ku aika wa malamin asibitin garin, tare da sanin cewa a jikin masu baƙar fata yakan nuna lamba sama da gaskiya kaɗan, don haka ba a dogara da shi shi kaɗai. Sauran kuɗin ku tanadi inhelar da za ta kai shi ƙarshen sanyi, da takunkumin rufe hanci da baki na ranakun da hazo ya yi kauri, ku kuma ajiye kuɗin mota a hannun wani amintacce a gida domin ranar da za a buƙaci kai shi babban asibiti cikin gaggawa.